Yadda ake raya sunan tsohon soja Bayahude a Amurka, daga ranar rasuwa zuwa cikar shekara

Dattijo ne da ya haura shekara casa'in. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu ko na Koriya, ya dawo ya buɗe shagon tufafi ko na kayan ɗaki, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, yau kuma an wayi gari ya cika. Bahaushen da ke zaune a New York ko Philadelphia ko Chicago yana iya tsintar kansa a tsakiyar hidimar da za ta biyo baya, ko dai shi ke jinyar tsohon a gida, ko ya daɗe yana aiki a shagonsa, ko maƙwabci ne, ko suruki. Wannan bayani domin irin wannan mutum ne, da duk wanda aka ɗora wa alhakin tattara tarihin marigayin.

Aikin kashi biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai na gaggawa, wanda ake gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai na natsuwa, wanda ke cin shekara guda. Yawancin kurakuran da ake gani a kan duwatsun kabari daga nan suke farawa. Wani ya faɗi abin da ya ji cikin ruɗanin ranar rasuwa, aka buga a jarida, daga jarida aka kwafa zuwa dutse, dutse kuwa ba ya goguwa.

Ranar farko

Abu na farko shi ne a san ɓangaren da iyalin ke bi. Yahudawan Amurka sun kasu gida uku manya: 'yan Otodoks masu riƙe da dokar gargajiya sosai, 'yan Konzabatib da ke tsaka-tsaki, da 'yan Rifom masu sassauci. Abin da wani gida ke ɗauka wajibi, wani gidan bai ma san da shi ba. Saboda haka a kira malamin majami'arsu, wato rabbi, kafin a yanke shawarar komai. In marigayin ba shi da majami'a, gidan shirya jana'izar Yahudawa zai samo rabbi.

Musulmi ba zai sha wahalar gane tsarin ba, don ya yi kama da wanda ya sani. Ana gaggauta binnewa, sai dai ba a yi ranar Asabar, wadda ke kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar. Akwai ƙungiyar sa kai mai suna chevra kadisha da ke yi wa gawa wanka, maza su wanke namiji, mata su wanke mace, sannan a sa masa farin likkafani marar aljihu. Ba a barin gawa ita kaɗai, wani yana zaune kusa da ita yana karanta Zabura har a fita da ita. Akwatin na katako ne zalla, ba ado, ba ƙusar ƙarfe. A gidajen da ke bin gargajiya ba a ƙona gawa, ba a zuba mata sinadarin hana ruɓewa, ba a kuma buɗe akwati don mutane su gani. Idan kai ne mai jinya, kada ka wanke shi ko ka sauya masa kaya don kyautatawa. Ka lulluɓe shi, ka sanar da asibiti ko gidan tsofaffi cewa Bayahude ne, ka jira.

Abu biyu za ka taimaka a nemo a cikin gidan nan take. Na farko mayafinsa na ibada, tallit, wanda galibi yana cikin wata 'yar jakar karammiski. Da shi ake lulluɓe namiji, bayan an yanke ɗaya daga cikin tuntaye huɗu na kusurwoyinsa. Kakin soja ba ya shiga kabari a tsarin gargajiya, don haka hularsa da lambobin yabonsa a ajiye su a kan tebur kusa da hotonsa a gidan makoki.

Na biyu takardar sallama daga soja, kuma ita ce mabuɗin duk wata karramawa daga gwamnati. Wanda aka sallama daga 1950 zuwa yau, takardarsa DD 214 ce. Sojan ƙasa na Yaƙin Duniya na Biyu tasa WD AGO 53-55 ce, na ruwa kuma NAVPERS 553. A duba akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gida da na inshora. In tana akwatin ajiya na banki kuma rasuwar ta faɗo ƙarshen mako, an shiga matsala. Mafita ita ce ofishin magatakardan gundumar da ya koma bayan yaƙi, domin sojoji da yawa sun yi rajistar takardunsu a can, ko kuma Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji, VA, in ya taɓa karɓar magani ko fansho ko lamunin gida daga gare ta.

Tuta da begila a bakin kabari

Tun daga 1 ga Janairu 2000 doka ta wajabta wa rundunar soja ta karrama duk tsohon sojan da ya cancanta, in iyali sun nema. Mafi ƙaranci sojoji biyu ne cikin kaki, ɗayansu daga reshen da marigayin ya yi aiki. Za su busa Taps, wani ɗan gajeren amon begila, su naɗe tuta ta zama mai kusurwa uku, su miƙa wa magaji. Kyauta ne, kuma gidan shirya jana'iza ne ke nema a madadin iyali.

Matsalar da ta fi yawa ita ce ta lokaci. Sojoji sukan so a ba su sanarwar kamar kwana biyu, addini kuma yana son a binne gobe. Kada a jinkirta binnewa saboda begila. A binne shi a kan lokaci, a ɗage karramawar zuwa ranar buɗe dutsen kabari, wadda ke zuwa wajen cikar shekara, amma a faɗa wa gidan jana'izar haka tun farko, don yawanci sau ɗaya ake yin ta.

Tutar ana karɓarta kyauta da fom 27-2008 a gidan waya ko ofishin VA. Tsawonta ƙafa tara da rabi, faɗinta ƙafa biyar, guda ɗaya tak ake bayarwa, in ta ɓata ba a musanyawa. Ana shimfiɗa ta a kan akwati, ɓangaren shuɗi mai taurari ya kasance wajen kai, a kan kafaɗar hagu. Ba ta taɓa ƙasa, ba ta shiga rami. Ta auduga ce, in aka rataye ta a waje ruwa da rana za su cinye ta cikin ɗan lokaci, shi ya sa ake adana ta a naɗe cikin akwatin gilashi.

A sa rabbi da shugaban sojojin su yi magana minti goma kafin a fara, su daidaita jeri. Abin da ya fi tafiya sumul shi ne sojoji su fara nasu, a ɗauke tuta, a sauke akwati, sannan a zuba ƙasa a yi addu'o'i. Iyali da abokai ne ke zuba ƙasar da hannunsu. A wasu gidaje ana yin ɗibar farko da bayan shebur, alamar ba da son rai ake yi ba, kuma ba a miƙa wa na gaba shebur hannu da hannu, sai a soke shi cikin tarin ƙasa ya ɗauka da kansa. Ƙarar ƙasa a kan katako tana girgiza mutum, kuma ba a gudun wannan girgizar. Sau da yawa akan gayyaci wanda ba Bayahude ba shi ma ya zuba, amma ka jira rabbi ya yi maka nuni, don a wasu gidajen Otodoks ba a yi.

Game da maƙabarta, tsohon soja yana da damar kabari kyauta a maƙabartar sojoji ta ƙasa. Sai dai a irin waɗannan wurare galibi ba a binnewa a ƙarshen mako, ana yin addu'a a wata rumfa ne nesa da kabarin, ma'aikata su kai akwatin daga baya. A Arlington kuwa, shahararriyar maƙabartar sojoji da ke kusa da Washington, jira yana iya kaiwa makonni ko watanni. Gidan da ke son a binne da wuri, kusa da matarsa da iyayensa, maƙabartar Yahudawa ta fi masa.

Jawabin makoki da sanarwar jarida

Jawabin da ake yi a kan mamaci sunansa hesped, kuma suna danganta asalinsa ga Annabi Ibrahim, da ya yi makokin Saratu ya yi kuka dominta, kamar yadda ya zo a Farawa 23:2. Littafin dokokinsu, Shulchan Aruch, ya hana zuzuta mamaci fiye da kima, ya yarda ne kawai a ɗan ƙara kaɗan a kan halin kirkin da yake da shi da gaske. Wannan ƙa'ida ta dace da marubuci ƙwarai. Minti biyar zuwa bakwai ya isa, wato kalmomi 700 zuwa 900. A zaɓi hali biyu ko uku, kowanne da abin da aka gani da ido. "Mutum ne mai kyauta" kowa ma ana faɗa masa haka. Amma in aka ce yana da littafin bashi da yake yage shafi ɗaya a cikinsa duk ƙarshen shekara ba tare da ya gaya wa kowa ba, to an nuna mutumin. Akwai kwanakin da gargajiya ta hana cikakken hesped, kamar ranar sabon wata, kwanakin Hanukka, Purim da dukan watan Nisan. A tambayi rabbi kafin a zauna rubutu.

A maganar soja, a wannan rana a tsaya kan abin da ke rubuce a takardar sallama kurum: reshe, shekaru, muƙami, fagen da ya yi aiki. Sauran a bari sai an bincika.

Sanarwar jarida ta ƙunshi cikakken suna, shekaru, gari, aikin soja, sunan kasuwancinsa da shekarun da ya yi yana yinsa, matarsa, 'ya'ya da jikoki, lokacin jana'iza da kwanakin zaman makoki. A karanta wa mutum biyu na gida sunayen da babbar murya kafin a aika, don jikan da aka manta a jarida yakan riƙe abin shekara da shekaru. Kada a sa cikakkiyar ranar haihuwa ko sunan gidan mahaifiyarsa, 'yan damfara da su suke buɗe asusu da sunan mamaci. A bar mutum ɗaya a gida lokacin jana'iza, tunda an sanar wa duniya cewa gidan ba kowa. Ba a aika furanni, sai a ambaci inda za a kai sadaka. Ana bayar da ita ninkin 18, wato dala 18, 36, 54, 180, domin haruffa biyu na kalmar chai, ma'ana rai, lissafinsu 8 da 10 ne.

Kwana bakwai

Zaman makoki, shiva, yana farawa da an dawo daga maƙabarta. Masu makoki na kusa, wato mata, 'ya'ya, 'yan'uwa da iyaye, suna zaune a kan ƙananan kujeru, an rufe madubai, kyandir yana ci tsawon mako. Za ka ga riga a yage ko baƙin ƙyalle a ƙirji, 'ya'ya a hagu wajen zuciya, sauran a dama. Abincin farko maƙwabta ne ke kawowa, da dafaffen ƙwai a ciki. In za ka kai abinci, ka saya daga shagon kosher, wato abincin da ya halatta a dokar Yahudawa, a rufe da hatiminsa, domin naman halal ba ya maye gurbin kosher a wajen mai kiyayewa, kuma ba a haɗa nama da madara. Ka shiga ka zauna shiru har mai makoki ya fara magana. Addu'ar Kaddish, wadda masu makoki ke karantawa, tana bukatar mutum goma Yahudawa baligai, maza zalla a wajen 'yan Otodoks, don haka ba za a ƙirga da kai ba. Tsayuwarka cikin ladabi ta wadatar.

Ga mai tattara tarihi, wannan mako ba ya dawowa. Tsohon akawun shago, direban da ya yi masa aiki shekara talatin, ɗan'uwan da ya taso daga Florida, duk za su shigo su fita. Ba wurin kunna na'urar ɗaukar murya ba ne. A ajiye littafi da biro a bakin ƙofa, a rubuta suna da lambar waya da kalma biyu kan labarin da mutum ya bayar, ban da ranar Asabar da masu kiyayewa ba sa rubutu. Bayan an cika kwana talatin, wato shloshim, sai a fara kiransu, a fara da wanda ya fi tsufa.

Binciken aikin soja

A nan ne aikin ya fi daɗi, a nan ne kuma aka fi yin tuntuɓe. Yahudawan Amurka kimanin 550,000 ne suka yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu kuma sun mutu ba su ba 'ya'yansu labari ba, sai guntu-guntu a bakin tebur.

Fayilolin sojoji suna cibiyar adana bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, ana nemansu da fom SF-180 ko ta intanet. A ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a wurin. Sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1 ga Nuwamba 1912 da 1 ga Janairu 1960, kusan kashi 80 cikin ɗari na fayilolinsu sun tafi. Na sojan sama da aka sallama daga Satumba 1947 zuwa Janairu 1964, waɗanda sunansu ya zo bayan Hubbard a jerin haruffa, kusan kashi 75 sun ƙone. Na sojan ruwa da na Marin, wato sojojin kundunbala, sun tsira. In wasiƙa ta dawo da cewa fayil ya ƙone, kada a naɗe hannu. Takardar biyan albashin ƙarshe tana nan, haka rahoton safiya na kowane kamfanin soja, inda ake rubuta wanda ya zo, wanda ya ji rauni, wanda aka ƙara wa igiya, da wurin da suke a ranar. Da lambar sojansa da sunan kamfaninsa ana iya bin sawunsa rana bayan rana. Fayil yana zama na kowa da kowa bayan shekara 62 da sallama, daga nan kuma akan biya kuɗin kwafi.

Lambar sojan kanta tana magana. A sojan ƙasa na wancan yaƙi, in ta fara da 1, shi ya kai kansa. In 2 ce, daga rundunar tsaron jiha ya fito. In 3 ce ko 4, kiransa aka yi bisa doka. Ta hafsoshi tana farawa da harafin O. Kafin a rubuta "ya sa kai", a dubi wannan lamba.

Kurakurai uku ne suka fi yawo. Na farko, rundunar da aka rubuta a takardar sallama sau da yawa ba ita ce ya yi yaƙi a cikinta ba. A 1945 an riƙa mayar da sojoji gida bisa tsarin maki, mai maki 85 ya riga wasu, sai a cusa shi cikin duk rundunar da jirginta ke shirin tashi. Bajon da ke kafaɗar kakinsa, da adireshin da ke bayan ambulan wasiƙunsa, sun fi nuna gaskiya. Na biyu, kalmar Normandy a takarda ba ta nufin ya sauka a wannan gaɓa ta Faransa ranar farko ta farmakin, 6 ga Yuni 1944. Wannan suna ya haɗa duk wanda ya yi yaƙi a yankin har 24 ga Yuli, kuma dubbai sun taka gaɓar Omaha, ɗaya daga wuraren saukar, makonni bayan ranar farko. A dubi ranar da ya bar Amurka da ranar da ya isa Turai a takardar. Na uku ya fi ciwo. Iyali sukan ce babansu yana cikin waɗanda suka 'yanta Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, alhali sojojin Tarayyar Sobiyat ne suka shiga can ranar 27 ga Janairu 1945. Amurkawa sansanin Buchenwald suka isa ranar 11 ga Afrilu, Dachau kuma ranar 29 ga Afrilu, inda aka amince da runduna ta 42 da ta 45 ta sojan ƙasa da ta 20 mai tankoki. Gidan tarihin Holokos, wato kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, da ke Washington tare da cibiyar tarihin soja sun amince da runduna 36 a matsayin masu 'yanta sansanoni, ana iya duba tasa a jerin. Mai yiwuwa tsohon bai yi ƙarya ba, sansani ya gani, 'ya'ya ne suka laƙaba masa sunan da suka fi sani. Gyaran ba ya rage masa komai.

Akwai kuma kuskuren da ke tauye shi. A 1947 aka yanke cewa duk wanda ya sami bajon sojan ƙasa na fagen fama a wancan yaƙi, ko na ma'aikacin jinya a fagen fama, ya cancanci lambar Tauraron Tagulla. Mutane da yawa sun riga sun koma gida, ba su taɓa nema ba. In bajon yana takardarsa, iyali na iya nema.

A dubi 'yar farantin ƙarfen da yake ratayawa a wuya. Harafin addini yana jiki: P ko C ga Kirista, H ga Bayahude, daga baya aka koma J. Wasu da aka tura Turai sun sa an buga musu P, ko sun jefar da farantin da suka ga za a kama su. Tsoron yana da dalili, domin a Fabrairu 1945 Jamusawa sun ware fursunonin yaƙi Amurkawa 350, cikinsu da Yahudawa da waɗanda suka yi musu kama da Yahudawa, suka kai su aikin bauta a Berga, da yawa ba su dawo ba. In kun ga P, kada ku yi mamaki, kada kuma ku ɓoye, wannan harafi ɗaya yana iya zama shafi mafi ƙarfi a tarihin. Ƙungiyar Tarihin Yahudawan Amurka da ke New York tana riƙe da katunan da hukumar jin daɗin sojoji Yahudawa ta tara lokacin yaƙin, musamman na waɗanda suka ji rauni ko suka sami lambar yabo.

Shago da gida

Shekara uku ya yi a soja, shekara hamsin a bayan kantar shago, amma tarihin da ake rubutawa yakan ba sojan shafi goma, shagon layi biyu. Wannan rashin adalci ne ga mutumin. A nemi tsofaffin kundin adireshi na birni a laburare, suna nuna shekarar da sunan shagon ya fara bayyana da duk lokacin da ya sauya titi. Ƙidayar jama'a ta 1950, wadda aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Afrilu 2022, tana nuna sana'arsa da waɗanda ke gidan. Ofishin sakataren jiha yana da rajistar kamfani. Tallan jarida, rasit, littafin ciniki, allon shago, duk a ɗauki hotonsu kafin a share ɗakin ajiya. A tambaya ko dokar GI ta 1944, mai tallafa wa sojojin da suka dawo daga yaƙi, ce ta biya masa karatu ko ta tsaya masa lamunin jari. Tsofaffin ma'aikata kuma a yi musu tambaya mai ƙofa: ƙarfe nawa yake buɗewa, me yake yi in kaya sun dawo, yana rufewa ranar Asabar, wace shekara ce ciniki ya kusa durƙushewa, wa ya tsaya masa. A zauna da mutum ɗaya a lokaci guda, minti 45 zuwa awa ɗaya, don in an haɗa 'yan'uwa uku mai babbar murya ne zai cinye labarin.

Wajen suna a yi hattara. Mutum ɗaya yana iya samun uku: na Ibrananci da ake kiransa da shi a majami'a, na Yiddish, harshen Yahudawan gabashin Turai, da uwarsa ke kira, da na Turanci na makaranta da kasuwa. Labarin cewa jami'an tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ne suka sauya sunan gidan ba ya tsayawa, domin da jerin fasinjojin da kamfanin jirgi ya rubuta tun daga Turai suke aiki. Mutanen da kansu suka sauya daga baya, sau da yawa don samun aiki, kuma takardar zama ɗan ƙasa takan nuna haka. Garin asali ma yana sauya suna: Lemberg, Lwów, Lvov da Lviv gari ɗaya ne. In akwai dangin da aka kashe a Holokos, a duba kundin sunaye na Yad Vashem a Urushalima, wanda ba ya ciki a cike masa shafin shaida.

Hotuna a ɗauke su da na'urar sikana a ƙarfin ɗigo 600 a kowane inci, a rubuta sunaye a baya da fensir mai laushi. Biro yana huda takarda, manne ta cikin leda da zafi kuma yana lalata ta har abada. A yi kwafi uku, ɗaya a wani gida dabam. Iyalin da ba su da mai riƙewa suna iya miƙa kayan ga shirin tarihin tsofaffin sojoji na Laburaren Majalisa, wanda aka kafa a 2000. Yana karɓar na asali ne kawai, aƙalla hotuna ko wasiƙu goma, ko rubutun tarihi mai shafi ashirin. Akwai kuma gidan tarihin sojojin Yahudawan Amurka a Washington.

Dutse da kalanda

Ana buɗe dutsen kabari galibi kafin cikar shekara ko daf da ita, sassaƙa kuma tana cin watanni, don haka a ba da oda da wuri. VA tana bayar da dutse kyauta da fom 40-1330, Tauraron Dauda shi ne alama ta 3 a jerin alamomin addini. In iyali sun fi son nasu dutsen mai cikakken rubutun Ibrananci, sai su nemi tambarin tagulla da fom 40-1330M a manna a jiki. A fara tambayar hukumar maƙabarta, kowace da dokarta kan girma da irin dutse. Takardar girmamawa mai sa hannun shugaban ƙasa da fom 40-0247 ake nema, kuma kowane ɗa yana iya samun tasa.

Sunan Ibrananci ana rubuta shi wane ɗan wane, da sunan mahaifi. Kada a dogara da ƙwaƙwalwa, a ɗauko shi daga takardar aurensa, ketubah, ko daga dutsen mahaifinsa. A sama akwai haruffa biyu masu nufin "nan aka binne", a ƙasa haruffa biyar da aka ciro daga 1 Sama'ila 25:29, addu'ar a ɗaure ransa cikin damin rai. Hannaye biyu a buɗe alamar zuriyar Haruna ce, buta kuma ta Lawiyawa, ba ado ba ne da kowa zai zaɓa. Mai sassaƙa da bai iya Ibrananci ba yana iya juya layi, don daga dama ake karantawa, ko ya musanya dalet da resh, haruffa biyu da ɗan lanƙwasa kaɗai ya raba su. Rabbi ya duba samfurin ƙarshe ya sa hannu.

Ranar rasuwa ita ce tarko na ƙarshe. A lissafinsu, kamar na Hijira, yini yana farawa da faɗuwar rana. Wanda ya rasu ranar Talata da ƙarfe tara na dare, bayan faɗuwar rana, a lissafinsu ranar Laraba ya rasu. A nemi sa'ar a takardar shaidar mutuwa, a gwada da lokacin faɗuwar rana a garin. Shekarar kuwa ana samunta da ƙara 3760 a kan ta Miladiyya, ko 3761 in an wuce sabuwar shekararsu a Satumba ko Oktoba. A kan dutse ba a rubuta dubu biyar ɗin, sai ka ga 784, ka ƙara 1240 ka sami 2024. Wanda ya rasu a watan Adar, a tambayi rabbi, domin sau bakwai cikin kowace shekara 19 watan yana zuwa biyu, kuma al'adu sun bambanta kan wanda ake bi.

Ɗa yana karanta wa mahaifinsa Kaddish wata goma sha ɗaya. Daga nan sai ranar tunawa ta shekara-shekara, yahrzeit, inda ake kunna kyandir mai cin awa 24 tun daga yammacin jajibiri. Sau huɗu a shekara kuma ana addu'ar tunawa da matattu, Yizkor, a majami'a a ranakun idi: Yom Kippur, Shemini Atzeret, ranar ƙarshe ta Idin Ƙetarewa da Shavuot. A buga jadawalin ranakun shekara ashirin masu zuwa bisa kalandar Miladiyya, a manna a shafin ƙarshe na tarihin, a ba kowane jika kwafi, tunda ranar tana motsawa duk shekara. A kuma kai sunansa da lambar kabarinsa ga reshen ƙungiyar Tsofaffin Sojoji Yahudawa mafi kusa, ƙungiyar da aka kafa tun 1896. 'Ya'yanta sukan zagaya maƙabartu su kafa ƙananan tutoci kafin Ranar Tunawa da sojojin Amurka da suka mutu, Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, kabarin da ba ya jerinsu kuwa sai su wuce shi. In ka kai ziyara, ka tsinci ɗan ƙaramin dutse a hanya, ka aza a kan kabarin kusa da tutar.